Allon Ƙofar Guga

Shekara talatin na yi akawu a baitulmali,
na san warin tawada, na san warin ƙarya.
Yau ina kan benci a Ƙofar Guga, na yi ritaya,
ina karanta allon da suka kafa bakin hanya:
"Rijiyar burtsatse. An kammala."

An kammala!
Jikata Tasalla ta murɗa famfon da safe,
ƙadangare ne ya leƙo ta baya.
Jarka biyu muka saya wurin Ɗanliti mai kura,
kuɗin maganin ƙafata suka tafi gaba ɗaya.

Da kunnena na ji kasafin bana a rediyo,
sifili a jere kamar ƙwan zabuwa a ƙaya.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.
To wane ne gugan? Shi nake tambaya.

Kwamishina, ba zaginka nake ba.
Zo gaban majalisa da rasit, ka bar 'yan rakiya.
Nawa bututu? Nawa siminti?
An ce surukinka ya samu kwangilar;
in ƙazafi ne, buɗe fayil, mu ji kunya.

Kai kuma wakilinmu mai baƙin gilashi,
ka ci ladan kuturu, aski ya rage.

Na rubuta koke, kwafi uku, na sa hannu.
Litinin zan hau keke har sakatariya.
Ni na ajiye aiki.
Birona bai ajiye ba.