Tukunyata Ta Yi Ƙauri

Ranar Laraba ta shigo gari,
ba a mota ba, ba a jirgin ƙasa ba,
a cikin memori ƙarami kamar farcen jariri,
rumfar Dalhatu mai tura waƙa, bakin Ƙofar Doka.
Naira ɗari, ka miƙa waya, ka jira.
Kafin la'asar layi ya kai gun mai rake.

Fim ɗin ma bai fito ba tukuna.
Waƙar ce ta riga shi,
kamar ƙamshin miya da ke riga kwano isowa.

Alhamis masu keke suka ɗauka,
Tudun Wada zuwa Sabon Gari, a juyo, a sake.
A bas ɗin Samaru waya ɗaya ta yi kuka,
mata uku suka zura hannu a jaka.
Ɗaliban Kongo na musu a gun mai shayi:
wannan kalangu na gaske ne ko na kwamfuta?
Har shayin ya huce ba a raba gardama ba.
Ramalan tela ya bi kiɗan da ƙafa,
ya ɗinke wuyan rigar mutane.

Ni kuwa, mai gyaran fanka a Gyallesu,
shekara hamsin da uku,
na ce hayaniya ce, kwana bakwai ta mutu.

Ga abin da mawaƙin ya faɗa:
zuciyata ta yi ƙaura, ta bar ni da kango.
Ga abin da yaran layinmu suka ji:
tukunyata ta yi ƙauri, ta bar ni da ƙanzo.

Tasi'u ya riƙe ludayi a baki, shi ne mawaƙi.
Balaraba na dukan jarka, wani na kaɗa gwangwani,
ƙaramin cikinsu, wando a gwiwa,
yana juyi har ya faɗa kwata, ya tashi, ya ci gaba.
Malaminsu ya rantse mini
wata biyu yana fama da bakwai sau takwas,
wannan kuwa dare ɗaya suka haddace.

Nusaiba ta leƙo ta taga, ido jawur,
wanda take jira yana Fatakwal, ya daina kira.
Ƙaura! ta ce, ƙaura ne, 'yan banza!
Suka dube ta,
suka ƙara murya.

Akwai jikata, Hairiyya.
Uku da rabi, ko baba ba ta taɓa cewa ba.
Sau biyu muka hau motar Shika,
likita ya ce kunne lafiya, a yi haƙuri.
Muka yi.
Tana zama bakin zaure kullum, tana kallon bakin mutane
kamar mai ƙirga kuɗin da ba nata ba.

Daren Asabar aka ɗauke wuta.
Uwarta ta tafi neman ashana, ta manta shinkafa a gawayi.
Wari ya cika tsakar gida.
Daga kan tabarma, cikin duhu,
wata murya da ban sani ba, siririya,
ta ce: ta yi ƙauyi.

Muciya ta faɗi.
Ba wanda ya motsa.
Ta sake faɗa, har da ɗan lanƙwasan nan na ƙarshe,
sannan ta yi wa kanta tafi.

Ƙanzon nan ni na cinye shi,
da hannu, ina kankara,
ban yarda kowa ya ga fuskata ba.

Da safe na bi layi a rumfar Dalhatu,
bayan wasu 'yan mata biyu da wani mai gyaran taya.
Ya kalli furfurata, ya kalli wayata mai tsagaggen gilashi.
Baba, kai ma?
Na ajiye ɗari.
Na ce tura mini ta tukunyar nan.