Hoton Aji Biyar

Ruwan daren Laraba ya shigo har ƙuryar ɗaki,
irin na Agege, wanda bai san sallama ba.
Da safe muna shanya katifa bisa katanga
Lantana ta ce, "Ga gwangwaninka na alewa,
duba ko akwai abin da ya tsira."

Takardar haihuwa ta zama kunu.
Rasit ɗin fili, sai haƙuri.
Amma hoton yana nan:
aji biyar, tamanin da bakwai,
mu arba'in da ɗaya a gindin mangwaro.
Ruwa ya lashe layin baya kaf,
dogayen duk sun tafi, sai kafaɗunsu.

Gajarta ce ta cece ni.
Ga ni a gaba, a tsugune,
wando ya ɗage, takalmin yayana Tanimu
na cusa masa jarida don ya zauna.

Ga Morufu a damana,
shi ya koya mini zagi da Yarbanci,
na biya shi da Hausa, ba ragi.
Burodi ɗaya, wake na sule biyu, a bakin dogo.
Mu ɗora kwabo a kan ƙarfe
mu jira jirgin Kano ya mai da shi faifai.
Bara na hango shi a Oshodi ta tagar danfo,
furfura ta cinye masa gemu.
Na ɗaga hannu, mota ta ja.
Ban ma tabbata shi ne ba.

Nkiru, mai zana cikin kwaɗo a allo,
an ce tana jinyar tsofaffi a ƙasar sanyi.
Barau da ya fi mu lissafi
yana can Alaba Rago cikin dabbobi,
har yau da ka yake ƙirga miliyoyin mutane.
Sabi'u yana layin baya.
Shi kam ruwa ya makara,
ƙasa ta riga shi da shekara ashirin.

A tsakiya, kan kujera, Mista Ogundipe,
alli a hannun riga, bulala a cinya.
Shekara biyar bai iya sunana ba,
Haƙilu ya zama Akilu, na amsa.
Shekarar da goron Baba ya ruɓe a mota
na daina zuwa, mako uku.
Sai ga shi a ƙofarmu, laka har ƙauri,
ya ajiye rasit ɗin kuɗin jarrabawa kan tabarma,
ya ce, "Gobe, bakwai da rabi,"
ya ƙi ko da ruwan sha.

Na ce in na samu aiki zan je.
Na ce in na yi aure.
Na ce bayan Sallah.
Aka ce ya koma Ijebu.
Sannan aka ce wani abu dabam.
Godiyar na nan a wuyana kamar ƙayar kifi,
ba ta wuce ba, ba ta fito ba.

A filin makaranta jiragen Ikeja kan ratsa kanmu,
na rantse wa Morufu ni zan tuƙa ɗaya.
Shekara talatin na yi a Apapa
ina ƙirga kwantenar wasu da biro.
Ban yi kuka ba. An ci, an sha,
yara huɗu sun wuce inda na tsaya.
Sai dai har yau in jirgi ya wuce
ina katse magana.

Mangwaron ma an sare, an jera shagunan waya.

Jikata Asabe ta leƙo ta kafaɗata:
"Wanne ne kai?"
Na nuna. Ta yi dariya har da riƙe ciki.
"Wannan yaron? Ai ko ni zan iya kayar da shi."

Na ɗora hoton kusa da katifa,
na danne shi da dutse.
Hadari kuma na sake haɗuwa ta wajen Ikeja.