Gwiwar Hannu

Ɗaki na bakwai, gidan dattawa na Mabera,
an sallame asuba, gari bai gama wayewa ba.
Na ƙwanƙwasa sau uku, na jira.
Ƙofarta ce, ko da makulli yana aljihuna.

"Wane na?"
"Kuluwa ce, Inna Tumba."
"Shigo, ɗiyata. Ruwan ga, kin taɓa shi?"
Na ce na taɓa.
"Da mi?"
Na nuna yatsa. Ta ja tsaki.

"Yatsa maƙaryaci na. Ya saba da murhu,
ya saba da bakin tukunya, ba shi jin wuta.
Sa gwiwar hannu.
Ita ba a koya mata haƙuri ba."

Shekara arba'in tana ungozoma
daga Rijiyar Ɗorowa har Ƙofar Atiku.
Rabin masu gemun da ke wucewa a kan babur
ita ta fara zuba musu ruwa da ƙwarya.
"Ban ƙona ko guda ba," in ji ta,
"ban bari ko guda ya suɓuce ba,
ga shi jariri da sabulu ya fi tarwaɗa santsi."

Yau ita ce a kujerar roba,
fata kamar takardar da ta jiƙe ta bushe.
Na tura taga, na bar zane a kafaɗa,
ba na buɗe wuri sai wanda zan wanke.
Baya nawa ne. Fuska da gaba nata ne,
soso yana hannunta ko zai ci rabin awa.
Ofis sun ce minti goma sha biyar.
Agogon ofis bai san ciwon kafaɗa ba.

A ƙugunta na hagu akwai ɗinki, tsawon taƙi.
Bara da damina, wadda na gada
ta bar ruwa a kan tayil, ta fita amsa waya.
A littafin aiki na ranar an rubuta
"An yi wanka, lafiya lau,"
da sa hannu, da lokaci.
Inna tana ƙasa har aka kira azahar,
igiyar ƙararrawa tana lilo a samanta,
kamu biyu daga yatsunta.

Ni na ƙara wa igiyar tsawo
da ƙyallen atamfata, har ta taɓa daɓe.
Babu gurbin wannan a takardar masu dubawa.

Sun zo ranar Laraba, su biyu da fayil.
Sun girgiza ƙarfen dafawa na bango,
sun buɗe akwatin magani, sun bi kwanan wata.
Su bi, ba na musu:
ƙwayar hawan jinin ɗaki na huɗu
ta taɓa kwana a ɗaki na tara.

Suka ce, "Inna, ana kula da ke?"
Ina tsaye a bakin ƙofa.
Ta dube ni, ta dube su.
"Ku fid da ita tukuna, kana ku tambaye ni."

Na fita. Na tsaya a gindin dogonyaro
ina jin kunyar da ban san laifinta ba.
Har yau ban san me ta gaya musu ba,
ban kuma tambaya ba.

Yanzu na durƙusa ina tsane mata ƙafa,
tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya,
ina neman ja, ina neman tsagewa,
don mai ciwon suga miki ba ya yi masa sallama.
Man kaɗe a dunduniya.
Ta kama gwiwar hannuna ta miƙe,
ta riƙe ta fiye da yadda miƙewar ke bukata.

Na goge tayil, na cire takalmi,
na taka ko'ina da tafin ƙafata.
Ya bushe.
Sannan na ɗauki biro.