Minti Arba'in Kafin Karin Kumallo

Ƙarfe shida a Kutaisi.
Kogin Rioni na gunaguni a ƙarƙashin gada,
cikina na amsa masa.
Farar ƙwaya ɗaya, ruwa rabin kofi, sai jira:
minti arba'in ba shayi, ba cuku,
ko da ƙamshin burodin Otar ya hauro bene
yana ƙwanƙwasa min taga.

Likita Mzia ta zana malam-buɗe-littafi a bayan takardar gwaji,
ta ɗora yatsa a maƙogwarona.
"Ga shi nan, tayirod.
Naki yana nawa wajen buɗe littafinsa.
Ɗan tayin bai yi nasa ba tukuna, naki yake ara,
don haka za mu ƙara awon maganin."
Na fito ina shafa wuya
kamar wadda aka ba ajiyar sarƙar wani.

Mako bakwai kacal.
Abin da nake ɗauke da shi bai kai ƙwayar wake ba,
amma da yamma siket ya ƙi zugewa,
har wata tsohuwa ta tashi ta ba ni kujera a mota.
"Wata shida, Tsisana?"
Na yi murmushi na zauna.
Wa zai tsaya bayanin cewa iska ce?

Ciki biyu gare ni:
ɗaya na jira, ɗaya na haƙuri.
Tun bara na hura numfashi a jerin kwalabe,
aka ce hanjina ya rage tafiya,
ƙwayoyin da gidansu ke can ƙasa
sun hauro ƙaramin hanji sun kafa kasuwa,
suna cin rabona kafin ya iso gare ni.

Surukata Lamara ta zo da kindirmonsu, matsoni,
a tulun gilashi naɗe da tawul kamar jinjiri.
"Da shi na raini huɗu, ba wanda ya kumbura."
Gocha kuma ya dawo daga kanti da kwalbar furobayotik,
yana karanta min biliyoyin da ke jikinta
kamar mai ƙirga sadaka.
Na ce, gidan da baƙi suka cika,
maganinsa ƙarin baƙi?
Ya ce, waɗannan na kirki ne.
Na ce, na kirki ma wurin kwana suke nema.

Na kai wa Mzia tambayar.
Ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi.
"Wasu ya yi musu daɗi, wasu ya ƙara musu kumburi.
Ban san ke wace ce ba a cikinsu.
Ajiye kwalbar tukuna. Kindirmo cokali biyu, ki rubuta abin da kika ji.
Maganin ƙarin jini sai bayan awa huɗu,
kada ya tare wa farar ƙwaya hanya."
Likitan da ya iya cewa ban sani ba,
shi nake ba wa hannuna a ɗebi jini.

Yanzu ina da ɗan littafi a gefen murhu.
Talata: cokali biyu, shiru.
Laraba: albasa, na yi nadama.
Alhamis: sanyi har ƙashi, safa biyu, barci a kan kujera.

Saura minti shida.
Ruwan shayi ya fara waƙa.
Na ɗora tafin hannu a ƙasan cibiya,
can inda babu ƙugi,
wurin da ya fi ko'ina shiru,
na ce: kai ka fara ci, ni zan jira.