Ƙugiyar Ƙ

Jiya da dare, a shagona na Jekadafari,
kwamfuta ta ce: sabunta.
Na danna, na rufe, na tafi cin tuwo.

Da safe firinta ta yi gum,
kamar ba mu taɓa gaisawa ba.
Haruffa sun zubar da ƙugiyoyinsu:
ƙasa ta koma kasa,
ƙafa ta koma kafa.
Bappayo na tsaye da takardar gonarsa,
ido kan agogo, ido kan ƙeyata.

Na cire, na mayar, na kashe, na kunna.
Gyaran gangar Auzinawa.

Sai la'asar na lallaɓa ta ta koma jiya.
Ƙ ta dawo.
Bappayo ya tsallaka shagon Dudu tuni.

Ga saƙon kuma a kusurwa:
yanzu ko anjima?

Anjima.