Hawayen Mastika

A gwangwanin tumatir ya iso,
tsawonsa bai kai tafin hannu ba.
Kwana goma sha ɗaya a gaban mota,
daga Sabha, ta Faya, har Abashe,
Mato na rage ruwan shansa
yana ɗiga masa da murfin jarka.

Ya ce, "Yalwa, ga uwar ƙaron nan
da kike saye da tsada wurin Larabawa.
Dasa shi, turarenki ya huta da ciniki."
Na ce, "Wannan ɗan tsinken?"
Ya yi dariya, ya nemi ruwan wanka.

Da fari so ya kusa kashe shi.
Safe ruwa, yamma ruwa,
takin awaki har wuya,
sai ganye ya yi ɗorawa, ya soma zuba.
Tsohuwa Kubura mai daddawa ta leƙo ta katanga:
"Ke, wannan ɗan dutse ne, ba ɗan fadama ba.
Wanda ya tashi da ƙishi
kar ki shaƙe shi da alheri."
Na tone gindin, na zuba tsakuwa
da sakainar tsohuwar randa.
Daga ran nan sai Juma'a,
buta ɗaya, ba ƙari.

Gara ta zo, na tarbe ta da toka.
Akuyar Hajja Zara ta cinye rabinsa,
muka yi wata biyu ba ma gaisawa.
Da bazara, in rana ta karkata,
nakan jingina masa zana ta yamma,
ni da ko rumfa ban gyara wa kaina ba.
Yara suka raɗa masa suna: Autan Yalwa.
Ban hana ba.

In na murza ganye ɗaya a yatsa
ƙamshin kan bi ni har wurin tuƙin tuwo.

Shekara ta huɗu Mato ya yi arewa.
Motar ta dawo.
Wani ne ke tuƙi.

Na fita takaba na tarar ya yi sabon reshe,
ba kunya, kore shar.
Na tsaya kansa da buta,
na rasa ko zagi zan yi ko godiya.

Sai shekara ta bakwai ya kai kafaɗata.
Na share ƙarƙashinsa tas,
na shimfiɗa farar ƙasa, na daɓe,
don abin da zai faɗo ya faɗo da tsabta.
Na ɗauko basillar ɗinkin buhu.
Hannuna ya ƙi.
Wanda na kare daga akuya,
yau ni ce zan tsaga?
Kubura ta ce, "Fata kawai, kar ki kai ƙashi.
Ba ya bayarwa sai an ji masa ciwo,
amma in kin zurfafa, gawa za ki tatsa."

Na yi tsaga uku, ƙanana,
kamar ta gefen idon jariri.

Kwana biyu shiru.
Ran na uku, da hantsi,
ga shi yana rataye, yana sheƙi,
ɗigo bai kai ƙwayar gero ba.

Na jira sati biyu suka bushe.
Da na tsince, ban cika murfin jarka ba.
Ƙanena Barau ya leƙa tafina:
"Daƙwara na daji ba mai ba ta ruwa,
tana cika buhu.
Shekara bakwai don wannan?"
Na ce, gaskiyarka.

Na tauna ɗaya.
Ɗaci ya fara zuwa,
sanyi ya biyo shi daga baya.

Har yau ina zuwa wurin Larabawa,
har yau muna ja-in-ja kan farashi.
Nawa na gida suna kwalin ashana,
ƙarƙashin lasisin tuƙin Mato.
Ɗaya kaɗai na taɓa sa wa garwashi,
da dare, na rufe ƙofa.

Gobe Juma'a.
Bari in cika buta tun yanzu.