Injin Arzika a Tafkin Tabalak

Ranar da injin ban-ruwan Arzika ya zame
daga bakin kwale-kwale ya faɗa tafki,
mu uku muka nutsa nemansa:
ni, da shi, da Nomau mai guntun numfashi.

Can ƙasa, inda kunne ke fara zafi,
na lalubo shi kwance cikin laka.
Ƙarfen da ke sa ƙato nishi a tudu,
na ɗago gefensa ba wata wahala,
kamar wani na kama mini daga ƙasa.

Muka ɗaura igiya, ya biyo mu salin-alin.
Yana leƙo iska kuwa,
sai nauyinsa ya dawo gaba ɗaya,
kamar mai bin bashi ya tare ka ranar kasuwa.
Nomau ya ce, "Mai tafkin ne ya sake shi."

Tsahara, ɗiyar Arzika, na tsaye a gaɓa,
ta kare rana da littafin lakwal.
Ta miƙo jarkar da ba kome ciki, a rufe gam,
ta ce, "Kawu, danna ta cikin ruwa."
Na danna, ta ƙi.
Na hau ta da ƙirji,
ta kuɓuce, ta doke ni a haɓa.

"Ruwa matsa yake yi ta ko'ina," in ji ta.
"Zafin kunnenka na ɗazu, shi ne.
Zurfi kuma ƙara masa ƙarfi yake.
Na saman jarka na danna ta ƙasa,
na gindinta ya fi zurfi, sai ya rinjaya.
Na dama da na hagu sun yi kunnen doki.
Rarar nan ita ce hannun da ka ji.
Auna ruwan da abu ya kora daga mazauninsa,
daidai nauyinsa tafki ke ɗauke maka."

Na ce, "To injin, don me bai taso ba?"
Ta ce, "Ya fi ruwan da ya kora nauyi.
Rangwame aka yi masa, ba a yafe ba."

Arzika bai ji ko ɗaya ba.
Ya kifa injin yana tsiyaye shi,
idonsa na kan albasar da ta kwana biyu ba ta sha ba.

Da magariba na je rijiya.
Guga ya cika, igiya ba nauyi a hannu.
Na dakata kaɗan kafin in ja,
na bar ruwa ya riƙe mini.